Manaja ya rufe ruwan kashe gobara, yana neman sayen mutum-mutumi

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke kula da sito a wata masana'antar robobi. Muna da kawunan feshin ruwa a silin, amma manaja ya sa an rufe babban bawul ɗinsu, wai ɗan hayaƙi zai sa su jiƙa kaya gaba ɗaya. Yanzu kuma wani dillali ya kawo masa tallan mutum-mutumin kashe wuta. Wallahi hankalina ya kasa kwanciya, mu ne a ciki dare da rana.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kana da gaskiya da ka damu. Bawul ɗin nan ya fi mutum-mutumin gaggawa, don haka shi zan tsaya a kai.

Na gaji da jin wannan magana ta "za su jiƙa kaya". Hayaƙi ba ya buɗe kan feshi, zafi ne kawai. Ɗaga kai ka duba ɗaya, za ka ga 'yar kwalbar gilashi siririya da ruwa mai launi a ciki. Ja tana fashewa a digiri 68 na ma'aunin Celsius, rawaya a 79, koriya a 93. Kan da zafin ya kai gare shi ne kaɗai ke buɗewa, sauran suna nan a rufe. Abin da ake gani a finafinai, mutum ya kunna ashana silin duka ya tsuge da ruwa, shirme ne. Akwai tsarin da ke sakin ruwa lokaci ɗaya, amma wannan na wuraren taransifoma da tankunan mai ne, kawunansa ma a buɗe suke.

To wane kaya ake karewa? Robar da ta jiƙe a shanya ta, wadda ta narke kuwa sai shara, ga baƙin hayaƙinta da ke kashe mutum kafin wuta ta iso shi. Rahotannin ƙungiyar NFPA ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin kariya daga gobara, sun sha nuna cewa babban dalilin da ke sa tsarin ya ƙi aiki ranar gobara shi ne wani ya rufe shi da hannunsa. Sannan a je wurin kamfanin inshora ana rantse-rantse. Wasu ma har fenti suke shafa wa kawunan don silin ya yi kyau, wasu su jibga kaya har su taɓa su, alhali ana son tazarar aƙalla santimita 45. Na taɓa iske tankin gobara an ja masa tiyo ana wankin mota.

Mutum-mutumin kuwa yana da amfaninsa. Wani mai suna Colossus, mai nauyin kusan kilo 500, ya shiga cocin Notre-Dame a Faransa a gobarar 2019 lokacin da ake tsoron rufi ya rufto wa 'yan kwana-kwana. Amma mutum ne ke tuƙa shi daga nesa, kuma tiyon ruwa yake ja. Da ƙarfe biyun dare wa zai tuƙa naku, da wane ruwa? Dillalin da bai tambayi girman tankinku ba, kwamishonsa kawai yake nema.

Ka rubuta wa manaja takarda, ka riƙe kwafi. A buɗe bawul, a sa masa sarƙa da kwaɗo yana buɗe, a cika tanki, a riƙa tayar da injin tura ruwan na dizal duk mako. In ya ƙi, ka kai maganar ga hukumar kashe gobara ta jiharku su zo su duba.