Kwikwiyona Sai Rawar Ɗari Yake

Tambaya: Malam, an ba ni ɗan kwikwiyon wifet mai sati 8, siriri kamar bulala. Da dare sai karkarwa. Ciwo ne? Daga Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Karen tsere ne ɗan asalin Ingila, gashi kaɗan, kitse babu, shi ya sa hunturunmu ke shigarsa. Shimfiɗa masa tsohon bargo, kada ya kwana kan siminti. Abinci kaɗan-kaɗan, sau 4 a rana. Ramar nan halittarsa ce, kar ka ɗura masa tuwo.

Kai shi asibitin dabbobi na ABU a Samaru a fara rigakafi, a ba shi maganin tsutsa. Allurar haukan kare sai ya kai wata 3. In karkarwar ta zo da amai ko zawo, garzaya ranar. Kuma ka tsare shi daga kajin maƙwabta, in ya tasa ba ka cim masa.