Tambaya da Amsa: Jarrabawar P, matakin farko na zama akcuwari

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aji uku a sashen lissafi a Jami'ar Tarayya ta Gusau. Ina sha'awar aikin akcuwari, masu lissafa wa kamfanonin inshora da fansho haɗari. An ce sai na ci jarrabawar P. Yaya take, kuma wata nawa zan yi ina shiri? — Ɗalibi daga Tudun Wada, Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Jarrabawar P ta lissafin yiwuwa ce (Probability). SOA (Society of Actuaries), ƙungiyar akcuwari da ke Amurka, ce ke shirya ta, kuma ba sai ka gama digiri ba kafin ka zauna. Tambayoyi 30 ne cikin awa uku a kan kwamfuta, kowace da zaɓi biyar. Ana ba da maki daga 0 zuwa 10, shida ne ci. Ba a rage maki kan amsar da ba daidai ba, saboda haka kada ka bar ko ɗaya fayau.

Manhajar kashi uku ce: tushen lissafin yiwuwa har da ƙa'idar Bayes, sai rabe-raben adadi guda irin su binomiyal, Poisson, eksfonenshal, gama da nomal, wanda shi ya kwashe kusan rabin tambayoyin, sai na adadi biyu ko fiye. An gyara manhajar a 2022, don haka sauko da ta zangon da za ka zauna, kada ka dogara da tsohon littafin da wani ya bar maka.

A sana'ar ana ƙiyasta awa ɗari na karatu ga kowace awa ta jarrabawa, wato awa 300. Awa uku a rana, wata uku da 'yan kwanaki ke nan. Idan kalkulas ɗinka ya yi tsatsa, musamman intigireshan, fara goge shi. Makonni shida na farko ka bi darussa, sauran duka ka ba tambayoyin gwaji da SOA ke bayarwa kyauta tare da amsoshinsu, sun haura 300. A wata na ƙarshe ka riƙa zama awa uku cur da agogo a gabanka. Minti shida ke gare ka a kowace tambaya. Wadda ta ci maka takwas, yi mata alama ka wuce.

Tambaya: Malam, na haddace dukkan ƙa'idojin, amma a gwajin da nake yi a gida ba na wuce 15 cikin 30. Ina matsalar take? — Malamar lissafi, Birnin Kebbi

Amsa: Malama, haddar ba ta yi laifi ba, sai dai jarrabawar da harshen inshora take magana, nan ne ƙwararrun lissafi ke tuntuɓe. Ga misali. A ce asarar da babur ke jawowa tana bin tsarin eksfonenshal, matsakaicinta naira 100,000, kuma sharaɗin inshorar shi ne mai babur ya ɗauki 20,000 na farko da kansa. Nawa kamfani zai biya a matsakaici kan kowace asara? Mai gaggawa zai cire 20,000 ya ce 80,000, kuma sau da yawa irin wannan amsar tana nan cikin zaɓin tana jiransa. Kuskure ne, domin idan asarar ba ta kai 20,000 ba kamfani ba ya biyan komai, ba ya kuma bin mai babur ciko. Amsar ita ce 100,000 sau e^(−0.2), kusan 81,873. Idan kuma aka ce a lissafa kan asarar da kamfani ya biya wani abu kaɗai, amsar ta koma 100,000 cif, saboda eksfonenshal ba ya tuna abin da ya wuce. Labari ɗaya, amsa biyu, bambancin 'yan kalmomi ne a ƙarshen tambayar.

Haka tashin farashi: in asara ta ƙaru da kashi 10 cikin 100, bariyans, wato ma'aunin yadda asarar ke warwatsuwa daga matsakaicinta, da 1.21 ake ninka shi, ba 1.1 ba. Wasu kuma su samo bariyans su tsaya, alhali tushensa na murabba'i (square root) aka nema. Buɗe littafi na musamman, duk tambayar da ta kayar da ke ki rubuta dalili: rashin sanin ƙa'ida, karatun gaggawa, ko kuskuren na'ura. Bayan mako biyu za ki ga wanne ya fi yawa.

Tambaya: A ina ake zaunawa, kuma kalkuletana na Casio zai yi? — Mai karatu, Argungu

Amsa: Ba zai yi ba. Na Texas Instruments kawai aka amince da su, kuma ga P, TI-30XS MultiView ya fi sauƙin aiki. Saye shi tun farkon shiri hannunka ya saba. Za a ba ka jadawalin nomal a kan allon kwamfutar. Ana yin jarrabawar sau shida a shekara, daga Janairu ana tsallake wata ɗaya-ɗaya, a cibiyoyin Prometric, kamfanin da ke gudanar da jarrabawa a kan kwamfuta, saboda haka sa kuɗin mota da masauki zuwa Abuja ko Legas a lissafinka. Kuɗin rajista da dala ake biya, kuma sunan da ka rubuta dole ya zo daidai da na fasfonka harafi da harafi, in ba haka ba ana iya mayar da kai daga bakin ƙofa.