Amsa: Mu yi wasa don tunawa da malaminmu?

Ɗan'uwa kana tambaya ko ya dace ku yi wasan daɓe don tunawa da malaminku da ya rasu, wanda ya koya muku motsa jiki a dandamali. Eh ku yi, amma ku bari a yi sadakar arba'in tukuna, kuma ku nemi izinin iyalansa.

Mu a Jekadafari nan Gombe da namu ya rasu sai da muka jira 27 ga Maris, ranar wasan kwaikwayo ta duniya, wani yaronsa ya fito da tafiyar tsoho yadda ya koya mana, gwiwa ake lanƙwasawa ba baya ba, wallahi matarsa kuka ta fashe da shi, shi yasa nace ku fara tambayarsu. Allah ya jiƙansa.