Me ya sa matan labaran gotik ko suna suma, ko an kulle su?

Tambaya: Malama, ina karatun adabin Turanci a jami'a, an ba mu tsofaffin labaran ban tsoro na Ingila da ake kira gotik. Na lura mace a cikinsu ko dai baiwar Allah ce mai yawan suma, ko kuma shaiɗaniya. Raini ne ko kuwa?

Amsa: Kin yi kyakkyawar lura, 'yar uwa. Tun littafin da ya buɗe wannan fage, The Castle of Otranto na Horace Walpole a 1764, aka kafa siffa ta farko. Isabella na gudu cikin duhu ta wata hanyar ƙarƙashin ƙasa, Manfred na biye da ita, yana son ya aure ta ƙarfi da yaji don ya samu magaji bayan ɗansa da za ta aura ya mutu. Siffa ta biyu kuwa ki duba Matilda a The Monk na 1796, wadda ta ɓatar da malamin coci, daga baya aka gane 'yar aiken Shaiɗan ce. Akwai raini a nan, babu tantama: macen da ta nuna son ranta, halaka ake mayar da ita.

Amma kada suman ya ɗauke miki hankali daga abin da ake nema a hannunsu. A The Mysteries of Udolpho na Ann Radcliffe, 1794, Montoni ya tsare matarsa a hasumiya saboda ta ƙi sa hannu ta mallaka masa filayenta, har ciwo ya kashe ta. Da gadon ya koma hannun Emily, 'yar ɗan'uwan matar, sai ya juyo kanta. Fatalwowin da ake ta tsoro duk Radcliffe ta warware su daga ƙarshe, babu aljani ko ɗaya. Abin tsoron na gaske takarda ce da alƙalami.

Matan Ingila da ke karanta wannan sun san inda aka dosa, domin a dokar ƙasarsu mace na yin aure kuɗinta ya zama na miji. Sai a 1870 aka fara sassauta dokar, a 1882 matar aure ta samu cikakken ikon mallaka. Mu da shari'a ta bar wa mace sadakinta da gadonta, dole abin ya ba mu mamaki.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Bertha a Jane Eyre, 1847. Rochester ya auro ta daga Jamaika, ta zo masa da dukiyar fam 30,000, ya ce ta haukace, ya rufe ta a saman bene shekara da shekaru. Muna jin dariyarta da dare, muna ganin gobarar da ta tayar, amma labarinta daga bakin mijin da ya kulle ta muka ji shi. Idan za ki yi rubutu a kan darasin nan, daga ita nake so ki fara.