Talaka, magidanci da mai biyan lanho: amsar tambayoyinku

Wani yaronmu mai fassara labarai a gidan rediyo nan Maradi ya aiko yana cewa: "Malam, in sanarwa ta zo daga ma'aikatar lanho, wasunmu na cewa mabiya haraji, wasu masu biyan haraji, wasu kuma su ce talakawa kawai. Wanne ne daidai?"

To ɗana, mabiya haraji dai a binne shi tun yau. Mabiyi daga bi ya fito, shi ya sa muke cewa mabiya Tijjaniya, mabiya Izala. Kuma ko a zancen kuɗɗi, mai bin bashi ai shi ne mai kuɗɗin, mai biyan bashi shi ne wanda anka ranta ma. Ke nan in ka ce mabiya haraji, in ma tana da ma'ana, ma'aikatan da ke zagaya kasuwa da tike ka ambata, mutanen da kake nufi suna can zaune a rumfa suna jiran a zo a bi su. Masu biyan haraji shi ne daidai, ko masu biyan lanho tunda lanhon muka fi faɗa nan, daga l'impôt ɗin Faransa, harajin kuwa Larabci ne.

Talakawa kuma, nan ne zan ɗan zauna, don kalmar nan ana zaluntar ta ƙwarai. Yaran yanzu sun maida talaka marar kuɗɗi, alhali muna da matalauci, muna da fakiri da miskini da mabuƙaci, ba mu rasa sunan da za mu kira marar shi ba. Talaka na asali shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta, wanda ke da sarki bisa kansa, kuma alamar hakan ita ce shi ake yanka ma haraji. Lokacin da Katsinawa sunka baro Birnin Katsina bayan jihadi, sarkinsu Ɗan Kasawa ya zauna nan Maradi wajen 1819, mutane kashi biyu ne a idon fada: masu sarauta irin su Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durbi da yaransu, sai sauran jama'a, kuma sauran jama'an nan ko kana da rumbu goma da garken shanu talaka kake. Har gobe alhajin da ke da tireloli bisa hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, in ya shiga fada ya tuɓe takalmi ya faɗi gaisuwa, cewa zai yi ni talakanka ne ranka ya daɗe, kuma ba ƙarya ya yi ba, ba kuma ƙanƙan da kai ba ne kaɗai, matsayinsa ya faɗa.

Siyasa ce ta ƙara tura kalmar wajen talauci. Da anka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, su Malam Aminu Kano sunka ɗauki talakawa sunka maida ta tuta, wato waɗanda ake tatsa ba a tambayar su, nan gida ma ƴan jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari da irin wannan harshen sunka yi magana. Shi ya sa da jam'iyyar PRP ta su Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna a 1979, cikin abin da gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa sunka fara yi har da soke haraji da jangali, wato harajin shanu. Ni ba na faɗa da sabuwar ma'ana, harshe na tafiya, amma kar ka sa talakawa cikin sanarwar lanho, don kamfanin salula ma yana biya kuma ba talakan kowa ba ne. Talaka yana bayarwa don an fi ƙarfinsa ko don biyayya, mai biyan haraji na zamani kuwa ɗan ƙasa ne da ke da bakin tambayar magajin gari ina kuɗɗin sunka shiga, kwatar unguwarmu ga ta nan cike tun damanar bara.

Wata malamar lakkol daga Tasawa ta ce ta ji kakanta na cewa wane ya isa haraji, mene ne nufi?

Ya girma ke nan, malama, an rubuta shi cikin masu biya. Zamanin Faransa kai ake ƙirgawa, sai a tara na gida duka bisa sunan magidanci, shi zai kai ma mai gari ko mai unguwa, shi kuma ya kai gaba. Don haka wanda anka ƙirga daban, wanda ya fiddo kuɗɗin daban, saurayi na iya isa haraji shekara da shekaru bai taɓa cire ko dala daga aljihunsa ba.

Wani mai butik a Mokoyo ya ce takardun da ake kawo masa wani wuri an sa contribuable wani wuri redevable, ya tambayi masu boko sun ce duk ɗaya ne.

Alhaji ba ɗaya ba ne, masu bokon naka sun yi ƙyuya. Na farko shi ne duk mai zuba nasa kason cikin asusun ƙasa, wato mai biyan haraji. Na biyu shi ne wanda hukuma za ta kama da hannu in kuɗɗin ba su shigo ba, da Hausa sai mu ce wanda ake bi. Duba TVA, wato lanhon da ake ɗorawa bisa farashin kaya, kashi 19 cikin ɗari: mai sayen kaya shi ke jin ta a jikinsa don tana cikin farashi, amma ba shi ake bi ba, ɗan kasuwar da ya karɓa shi ne zai kai. Fatanti kuwa kai ne duka biyun, kai ka biya kai ake bi, saboda sana'arka ce anka ɗora ma.

Daga Dakwaro wani ya tambaya ko jangali da zakkar shanu abu guda ne.

Subhanallahi, a'a. Zakka hakkin Allah ce mai nisabi, shanu 30 a fidda ɗan maraƙi, tumaki ko awaki 40 a fidda guda, kuma Alƙur'ani ya faɗi waɗanda za a ba. Jangali na sarki ne ko na gwamnati, bisa kan kowace saniya, kalmar ma daga Fulatanci ta shigo, kuma Shehu Usmanu cikin Kitabul Farƙ ya lissafa shi tare da kuɗɗin gari da gaisuwa cikin abubuwan da ya zargi sarakunan Hausa da su. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake cakuɗa aikatau yanzu, wato kalmomin aiki irin su biya da fidda, sai ka ji mai wa'azi da kansa yana cewa ku biya zakka. Bahaushe fidda zakka yake, biyan haraji yake, gaisuwa kai ta ake, tara kuma cin mutum ake, an ci shi tara jikka biyar. Kowanne da nasa, kuma aikatau ɗin ne ke gaya maka ko da son rai anka bada ko da sanda.

Wani ɗan kabu-kabu ya ce da gaske ne jakada da can mai karɓar haraji ne?

Da gaske ne. Manzon hakimi ne da ake aikawa ƙauye ya taro haraji, yau kuma shi ne wakilin ƙasa a waje.

Ta ƙarshe daga Tibiri: "Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski", ana iya faɗa ma gwamnati ita?

Ana iyawa mana, duk wanda ya karɓi lada aiki ya hau kansa ko yana ƙyama. Sai dai ka lura a cikin karin maganar kai mai biya kai ne kuturun, in ka yarda da haka bismilla ka faɗa gaban magajin gari.