Yajin aikin direbobin bas da jiragen ƙasa: haƙƙi suke nema ko fasinja suke zalunta?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina zaune a wani babban birni inda kusan kowa da bas ko jirgin ƙasa yake zuwa aiki. Yau kwana huɗu ma'aikatan sufuri suna yajin aiki. Ni shara da goge-goge nake yi a wani asibiti, ranar da ban je ba babu lada. Jiya awa biyu na yi ina tafiya a ƙasa, na isa a makare, aka yanke mini rabin yini. Da na dawo na tarar da ƙofar tasha a garƙame, sai na ce Allah ya isa tsakanina da su. Ƙanin mijina direba ne a cikinsu. Ya ce na zalunce su, domin abin da suke nema shi ne ƙarin albashi daidai da tsadar rayuwa, da rage awoyin tuƙi, da kada a taɓa musu fansho, da kada a sallami masu sayar da tikiti a sa na'ura. Buƙatun nan adalci ne a shari'a? Yajin ya halatta? Kuma na yi laifi da na ja musu Allah ya isa?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya mayar miki da abin da aka yanke, ya sa tafiyar nan ta zama kaffara.

Ke da ƙanin mijinki ba magana ɗaya kuke yi ba. Shi yana kare abin da suke nema, ke kina kuka da hanyar da suka bi. Shari'a tana auna kowanne da ma'auninsa, kuma mutum yana iya zama da gaskiya a buƙata ya kauce a wajen nemanta.

Direban da hukumar sufuri ta ɗauka, malaman fiƙihu suna kiransa ajirun khas, wato wanda aka ɗauki hayar lokacinsa shi kaɗai. Abin da ke tsakaninsu ijara ce, wato yarjejeniyar haya, kuma ijara tana ɗaure ɓangarorin biyu. Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alƙawura." An fi karanta wa ma'aikaci ayar nan idan ya ajiye aiki, alhali yadda ta hau kansa haka ta hau kan wanda ya ɗauke shi. A hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya ce mutum uku shi ne abokin shari'arsu ranar alƙiyama, cikinsu akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aikinsa cif, sannan ya hana shi ladansa.

Daga nan hukuncin fansho yake fitowa. Kuɗin da aka riƙa cirewa daga albashin mutum shekara da shekaru, ko aka yi masa alƙawarinsa a rubuce ranar da ya kama aiki, lada ne da aka jinkirta. Rage shi bayan mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sitiyari cin dukiya ne da ɓarna. Amma sharaɗin da za a gindaya wa waɗanda ba a ɗauka ba tukuna, wannan ciniki ne, babu wanda aka karya wa alƙawari. Yajin ma'aikatan sufurin birnin New York na watan Disamba 2005, wanda ya tsayar da bas da jirgi kwana uku, babban abin da ya hura shi ke nan: abin da sabbin ma'aikata za su riƙa zubawa a asusun fansho. Ƙungiyar ma'aikata tana da damar ta ja a kan irin wannan, sai dai ba ta da damar ta kira shi haƙƙin da aka ƙwace. Ki tambayi ƙanin mijinki wanne ne nasu a cikin biyun.

Maganar awoyin tuƙi ita ce mafi ƙarfi a cikin buƙatunsu, ko da yake ita ce jama'a ba su cika ji ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Abu Zarr game da masu yi mana hidima cewa kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in an ɗora kuwa a taya su. Ki dubi direban da ya fito tun kafin asuba, aka tsaga masa aikin gida biyu da zaman jira a tsakani, ya kai ƙarshen layi cunkoso ya cinye 'yan mintocin da zai kama ruwa, ya juyo da mota cike da mutane idonsa na lumshewa a fitilar hanya. Gyangyaɗin daƙiƙa uku ya isa. Wannan buƙatar taki ce kamar yadda take tasa, tunda ke ce a kujerar baya.

Ƙarin albashi kuma yana da ma'auni, sunansa ujratul misli: abin da ake biyan makamancinsa a irin aikinsa, a wurinsa, a zamaninsa. Idan kaya suka tashi da kashi 10 cikin 100 albashi yana nan inda yake, an rage wa ma'aikaci lada ke nan ba tare da an taɓa takarda ba, kuma neman a cike giɓin ba kwaɗayi ba ne. Abu Dawud ya ruwaito daga Mustaurid ɗan Shaddad cewa wanda aka sa aikin hukuma, a ba shi abin da zai yi aure da wurin zama. Imam Malik ma ya kawo a Muwaɗɗa labarin bayin Haɗib da suka saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka. Sayyidina Umar ya dubi al'amarin ya ce yana ganin yunwa ake bar su da ita, ya ɗora wa ubangidansu ninkin kuɗin taguwar, dirhami 800 maimakon 400. Yunwar ma'aikaci a wuyan mai aikin ake nemanta.

Sai dai ma'aunin nan baki biyu gare shi. Kuɗin da za a ƙara wa direba ba daga sama zai faɗo ba. Daga tikiti ne da haraji, wato daga aljihun irinki, mai samun ƙasa da abin da yake samu. Idan abin da suke nema ya zarce na takwarorinsu nesa ba kusa ba, kuma ba su da hujja sai cewa maƙogwaron gari yana hannunsu, to wannan ya yi kama da ɓoye abinci a lokacin tsanani don farashi ya hau. Ibn Taimiyya ya yi bayani a littafinsa na Hisba cewa idan mutane suka matsu da sana'ar wasu, kamar manoma da masaƙa da magina, shugaba yana da ikon tilasta musu yin aikin, amma da ladan misli, ba ya barin su ƙware jama'a, ba ya barin jama'a su ƙware su. Hukumomi sukan riƙe rabin farko na maganar, ƙungiyoyi su riƙe rabin ƙarshe.

Batun na'urar tikiti ba haƙƙi ba ne a shari'a. Babu wanda ya wajaba ya ci gaba da hayar aikin da ba ya buƙata bayan wa'adi ya cika. Abin da za su iya nema shi ne a cika sharuɗɗan sallama, ko a mayar da mutanen wani sashe.

Yanzu yajin kansa. Malaman wannan zamani sun saɓa. Wasu sun hana shi, suka ce ba su san masa asali ba, kuma saɓa yarjejeniya ne da cutar da wanda bai ji ba bai gani ba. Wasu sun halatta, suka ce hanya ce ta neman haƙƙi, ba ibada ba ce da za a nemar mata nassi, suka kafa hujja da hadisin mutumin da maƙwabcinsa ya dame shi, Annabi ya umarce shi da haƙuri, daga baya ya ce ya fitar da kayansa bakin hanya, mutane suka yi ta tambaya suna tsine wa maƙwabcin har ya zo ya ba da haƙuri.

Abin da na fi natsuwa da shi: idan hukuma ce ta fara karya alƙawari, ta riƙe albashi ko ta sa su tuƙin da ke halaka rai, ajiye aiki halal ne, domin wanda bai biya ba ba ya da bakin neman aiki, kuma jinkirin mawadaci zalunci ne kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim. Idan kuma ƙari ake nema a sabuwar yarjejeniya, yana halatta ne bayan an zauna teburin sulhu an gaza, an ba da wa'adi a fili, kuma dokar ƙasar ta yarda da shi, domin dokar ta zama ɓangare na sharaɗin da aka ɗauke su a kai. Inda doka ta hana, kamar jihar New York da dokarta ta 1967 ke cire wa ma'aikacin gwamnati ladan kwana biyu a kan kowace ranar yaji, mutum ya san da wannan sharaɗin ya shiga, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Ko a inda ya halatta, ƙa'idar "babu cuta babu cutarwa" tana nan. Mutumin da ke cikin hadisin kayansa ya fitar, bai toshe wa kowa hanya ba. Shugaban hukuma yana da motarsa, yaji ba ya hana shi zuwa ofis. Wanda ke shan wuyar shi ne mai wankin ƙoda da ke da layi ƙarfe takwas, da ɗalibi ranar jarrabawa, da ke. Saboda haka rufe gari ruf babu ko mota ɗaya, ba na ganin halaccinsa matuƙar akwai abin da bai kai shi ba. Italiya tun 1990 ta wajabta a bar wasu awoyi na zirga-zirga ranar yaji, Faransa kuma tun 2007 ta sa ma'aikacin sufuri ya sanar awa 48 kafin ya shiga, don fasinja ya san inda dare zai yi masa. Hankali ya kai su inda ƙa'idarmu ta riga ta tsaya. Tare ƙofar gareji, da fasa gilashi, da tsoratar da abokin aikin da ya zaɓi ya fita, duk haramun ne babu saɓani. An sha yaba wa direbobin Okayama a Japan da suka ci gaba da tuƙi a 2018 suka ƙi karɓar kuɗin mota. Dabarar ta tausaya wa fasinja, amma kyauta ce da dukiyar da aka ba su amana, don haka ba zan ba da fatawa da ita ba.

Kwanakin yajin neman ƙari babu lada a cikinsu, sai in hukumar ta yafe a wajen sulhu.

Allah ya isa kuwa, Allah ya yi wa wanda aka zalunta rangwamen faɗin mummunar magana a fili a Suratun Nisa'i, aya ta 148, kuma ke an cuce ki. Kuskurenki shi ne kin yanke hukunci kafin ki san mai laifin. Mai yiwuwa wanda ya jawo miki tafiyar awa biyu yana zaune a ofis, ya yi watanni yana ƙin amsa takarda. Ki bar ta a kan duk wanda ya yi sanadi, Allah ya san shi, ki kuma kira ƙanin mijinki ku daidaita. Rabin yinin da aka yanke miki ba bashi ba ne a kan direbobin. Ki kai uzurinki wurin shugabanki a rubuce, ki nemi a bar ki ki rama awoyin wata rana.

Wallahu a'alam.