Rumfar karaban: wacce zan saya, kuma ya ake kula da ita?

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sanya alheri a karaban ɗin da ka saya, wato ɗakin kwanan nan mai tayoyi da ake ja da mota. Ka ce kana Manchesta, kai da madam da yara uku, yawanci ƙarshen mako za ku riƙa fita sai kuma hutun makaranta, kana tambaya ko babbar rumfa za ka saya ko ƙarama, ta iska ko ta sanduna, da yadda za ta daɗe. To ni dai na jima ina jan karaban a ƙasar nan, kuma shawarata a taƙaice ita ce ka sayi ƙaramar nan ta bakin ƙofa, mai faɗin santimita 330 ko 390, kar ka bari girman babbar ya ruɗe ka.

Dalili kuwa, babbar rumfa wadda ke rufe gefen karaban gaba ɗaya an yi ta ne don wanda zai ajiye karaban ɗinsa wuri guda wata da watanni, ko aƙalla sati biyu. Kai da za ka iso sansani Juma'a da yamma yara na kukan yunwa, ga ruwan Ingila da ba ya sallama, sannan ka tsaya haɗa sanduna awa ɗaya ko fiye, Lahadi da safe kuma ka kwance, wallahi in ka yi haka sau biyu na uku a gareji za ka bar ta. Na ga mutane da yawa haka ta faru da su. Ƙaramar ta ishe ku ajiye takalma da rigunan ruwa da kekunan yara, ku sa tebur ku ci abinci, kuma abin da na fi so da ita shi ne wurin sallah, don cikin karaban kam ka san mutum biyu ba sa iya yin sahu.

In kuma ka nace sai babbar, to awo ne komai. Akwai siririn kwarin alminiyom da ya zagaye gefen karaban inda ake zura bakin rumfar, sai ka daidaita karaban ɗin a wuri mai shimfiɗa, ka zura igiya daga ƙasa ta bi kwarin nan har ta sauka ƙasa ta ɗaya gefen, tsawon igiyar a santimita shi ne sayis ɗinka, shi suke ce wa awon A. Yana cikin littafin karaban ma amma ka auna da kanka. Ƙaramar ba ruwanta da wannan, abin dubawa kawai tsayin kwarin daga ƙasa, yawanci 235 zuwa 250, sai kuma ka tabbata ƙafarta ba za ta faɗo a tsakiyar taga ko kan ƙofar akwatin batir ba, kuma kar ta toshe inda hita ke fitar da hayaƙi.

Maganar iska ko sanduna. Ta iska famfo kake sa mata ta miƙe cikin 'yan mintoci, kamfanonin Vango da Dometic da Outdoor Revolution duk suna yi, kuma in guguwa ta taso lanƙwasawa take ta dawo, babu ƙarfen da zai daki jikin karaban ya lotsa shi. Amma abin da masu kanti ba sa saurin faɗa maka shi ne nauyi, tunda komai a haɗe yake cikin jaka ɗaya, wata ta haura kilo 20, kuma jan ta cikin kwarin nan aikin mutum biyu ne, ɗaya na zurawa ɗaya na ja. Ka tuna kuma kayan da karaban ke iya ɗauka ba su da yawa, da yawansu wajen kilo 150 ne kacal, don haka ni a but ɗin mota nake sa tawa, in dole sai cikin karaban to a ƙasa daidai kan tayoyi. Ta sanduna ta fi araha in ka cire irin su Isabella ta Denmak, wadda tsada gare ta amma yadinta na shekaru. Ga mai fita ƙarshen mako, ta iska nake zaɓa masa. Ka bi awon iskar da aka rubuta a jikinta, yawanci tsakanin psi 7 zuwa 9 ne (psi shi ne ma'aunin matsin iska), ranar da aka yi zafi sosai ka ɗan rage don iska na kumbura.

Turakun da ake haɗo ta da su ba su da wani ƙarfi, ka sayi na ƙarfe masu kama da manyan ƙusa saboda filin tsakuwa, ka haɗa da bel ɗin guguwa, musamman in za ku gaɓar teku irin Wels ko Konwol. A kan ciyawa kuma sansanoni da yawa ba sa yarda da leda, sai shimfiɗa mai ƙananan huji da ciyawa za ta sha iska.

Yanzu kulawa, nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Kar ka taɓa ajiye ta da danshi. In ruwa ya kama ku ranar tafiya ka naɗe ta haka nan ba laifi, amma kana isa gida ka baza ta, a lambu ko gareji ko kan ƙarfen bene, har sai ɗinkin da bakin ƙasan sun bushe ƙarau, don can ruwa ke ɓuya. Kwana kaɗan a jaka da laima funfuna ta kama, kuma baƙin tabon nan ko ka kashe funfunar ba ya fita duka, ga wari. Wanki kuwa ruwa mai ɗumi da burushi mai laushi kawai, ban da Omo, ban da sabulun wanke-wanke, ban da injin feshin wankin mota, duk suna cinye maganin da ke hana ruwa shiga. Kashin tsuntsu da danƙon bishiya ka goge su da wuri, ka ma guji kafawa a gindin bishiya. In ka ga ruwa ya daina taruwa ɗigo-ɗigo a kan yadin ya fara jiƙa shi, ka shafa maganin hana ruwa shiga irin Fabsil ko Nikwax bayan ka wanke ta bushe. Amma gumin da kake gani a rufin ciki da asuba ba yoyo ba ne, numfashi ne da danshin ƙasa, ka buɗe ƙofofin iska na sama. Tagogin roba kar ka riƙa karya su a layi ɗaya kullum, naɗe su za ka yi, ka sa tsohon zani a tsakani don kar su manne. Lokacin sanyi ka ajiye ta inda ɓera ba zai kai ba.

Abu ɗaya da nake roƙonka don Allah, mu mutanen gashin nama ne, in ruwa ya sauko zuciya za ta ce a shigo da murhun gawayi cikin rumfa. Kar ka yarda, ko da wutar ta yi kamar ta mutu, gawayi na ci gaba da fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi, an yi asarar rayuka a tantuna a ƙasar nan ta haka. Ka duba ƙararrawar gano ta a cikin karaban tana aiki.

In ta hannu za ka saya a eBay ko Facebook, ka ce a kafa maka ita ka gani, ka shinshina, ka ja kowane zif, ta iska kuma a hura ta a bar ta ta ɗan jima ka ga ko tana sacewa. In sabuwa ce ka jira baje kolin karaban na zauren NEC da ke Birmingham, ana yi a Oktoba da Fabrairu, can za ka shiga cikinsu a kafe ka gwada da iyalinka. Ka turo mana sunan karaban ɗin da shekararsa in duba maka ko 390 za ta zauna ba ta hau taga ba.